Kowace Kwala da Matsinta

A masana'antar ɗinkin riguna, inda ta shekara ashirin da huɗu tana ɗora kwala a wuyan riga, Ƙusa ake ce mata. Wata tsohuwar shugabar layi ce ta raɗa mata sunan, don in ta zauna a kan kekenta na ɗinki da ƙarfe bakwai na safe, sai ka rantse da guduma aka kafa ta. Ba ta motsawa sai ƙararrawar ƙarfe ɗaya ta kaɗa. Aikin layi ne: mai haɗa kafaɗa ta turo mata riga, ita ta ɗora kwala, ta tura wa mai sa hannu. In mace ɗaya ta tashi zuwa banɗaki, riguna su taru a kwandonta, na gaba su zauna suna kallon rufi, shugabar layi kuma ta fara duban agogo. Ƙusa ba ta taɓa bari an dubi agogo saboda ita ba. Har takardar yabo aka ba ta, ta sa a gilashi ta rataye a falo, sama da talabijin.

To, wannan suna ya zama tsohon labari. Shekara huɗu ke nan da matan layi suka sake mata wani a bayan idonta, wai Ina-Zuwa. Ta san da shi sarai, kuma yana ci mata rai fiye da ciwon kansa.

Ciwon ya faro ne kamar wasa, ɗan zafi a mara in fitsari ya taru. Daga nan ya zama nauyi, kamar an ajiye mata dutsen guga mai zafi a ƙasan cibiya an manta. Minti ashirin sai ta ji mafitsara ta cika fam. Ta ruga, abin da zai fito bai fi cokali biyu ba, ta ɗan samu sauƙi, kafin ta gyara zama ya dawo. An yi mata gwajin fitsari har ta daina ƙirgawa, kullum takardar ta fito ba ƙwayar cuta, amma duk da haka a rubuta mata magani ta je ta sha. An leƙa mafitsarar da na'ura, aka ce lafiyarta lau. Wani likita ma, bai ko ɗago kai daga rubutu ba, ya ce damuwa ce, ta rage tunani. Ranar ta dawo gida tana huci, ta wanke labulayen gidan gaba ɗaya, har da waɗanda ba su yi datti ba.

A wurin aiki ba a kore ta ba, an dai yi mata abin da a ganinta ya fi kora ciwo. An ɗauke ta daga keke aka kai ta teburin yanke zare, can bakin ƙofa, kusa da banɗaki. Aikin sababbin shiga ne, almakashi da tsintar zaren da ya yi saura. Daga nan tana hango wadda aka ɗora a kan kekenta tana karkata kwala, ta cije leɓe ta kau da kai.

Garin ma sai ya tsuke mata. Tsakanin gidansu da masana'anta ta san banɗaki huɗu: na gidan mai, na kantin magani, na wata mai shagon gyaran gashi da ta saba da ita saboda wannan kawai, da na bayan ofishin wasiƙu, wanda sai dole. Inda ba ta san banɗakinsa ba, ba ta zuwa. In an yi taro ta zauna bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Ruwa kuwa ta ƙaurace masa, ta wuni a kan rabin kofi, leɓenta a bushe kamar takarda.

Mijinta mai gyaran agogo ne, shagonsa na ƙasan benen da suke zaune. Mutum ne da zai shafe awa guda yana neman ƙaramin noti da ya faɗi a ƙasa ba tare da ya yi tsaki ba. Yadda suka shekara talatin tare, ita kamar ruwa a wuta, shi kamar ruwan randa, maƙwabta sun daina tambaya. 'Ya'yansu uku, maza biyu da mace ɗaya, Auta, wadda aikin mijinta ya kai ta wani gari mai nisa. Tafiyar awa biyar ce a babbar mota, ana tsayawa sau ɗaya a tsakiya. Shekara biyu da tarewar Auta a can, uwarta ba ta taɓa ganin ƙofar gidanta ba, sai a hoton waya.

Wata ranar Asabar Auta ta bugo. Ciki ne da ita, na fari, saura wata huɗu. Likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba za ta iya zuwa gida haihuwa ba.

"Mama, ke nake so a kusa da ni," ta ce, muryarta ta koma ta yarinya ƙarama. "Ni tsoro nake ji."

"Zan zo," in ji Ƙusa. Bakinta ya riga tunaninta. Da ta ajiye wayar sai da ta shiga banɗaki sau biyu kafin ta iya gaya wa mijinta abin da aka ce.

Ba mace ba ce mai zama ta zuba tagumi. Ta ce in mafitsara ta yi rauni, sai a ƙara mata ƙarfi, kuma ta san hanya. Bayan haihuwar Auta, in ta yi atishawa ko dariya sai fitsari ya ɗan zubo mata. Yayarta, wadda a lokacin ungozoma ce a asibiti, ta koya mata dabara: ta riƙa matse wurin kamar mai son tsayar da fitsari, sau goma da safe, sau goma da yamma. Ƙusa ba ta iya yin abu rabi-rabi ba, kuma ba ta da lokacin kwanciya ta yi ta ƙirga goma. Sai ta haɗa abin da aikinta. Duk sa'ad da ƙafarta ta taka keke don ɗora kwala, sai ta matse. Kowace kwala da matsinta. A rana tana ɗora kwala wajen ɗari huɗu. Cikin wata biyu yoyon ya ɗauke, ta yi ta yi wa Yaya godiya, ta kuma ci gaba, don ba wanda ya ce mata ta tsaya. Har bayan an raba ta da keken, ƙafarta ba ta daina taka ƙasa ba a ƙarƙashin teburin yanke zare, jikinta kuma na amsawa.

Yanzu sai ta ninka. A tsaye wajen wanke-wanke tana matsewa, a hanya tana matsewa, tana shara tana matsewa. Bayan mako uku ta ce bari ta gwada kanta. Ta hau motar cikin gari mai zuwa ƙarshen layi, tafiyar minti arba'in. Ba ta kai rabi ba zufa ta wanke ta, marar kamar ana murɗa mata ita da filaya. Ta sauka a unguwar da ba ta sani ba, ta yi ta leƙa shaguna tana roƙon banɗaki, har wata mai wankin kaya ta tausaya mata. A can, a tsakanin bokitan mutane, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Minti goma sha takwas ta iya. Ina minti goma sha takwas, ina awa biyar?

Mijin ne ya lallaɓa ta ta koma asibiti. Aka dace da wata likitar mata da ba ta taɓa gani ba. Wannan ta karanta tulin takardun gwajin ɗaya bayan ɗaya, ta duba ta, sannan ta rubuta mata takarda zuwa ɗakin gashi, inda ake gashin ƙashi da motsa jiki.

"Ɗakin gashi?" Ƙusa ta dubi takardar kamar an miƙa mata ta wani. "Likita, ni ba karaya na yi ba, ba kuma shanyewar jiki ba. Mafitsara ce."

"Je ki dai, Mama. Ki nemi mai kula da mata."

Ta je, ba don ta yarda ba, sai don kada a ce ta ƙi. Ta wuce ta gaban masu koyon tafiya da sanda, da wani tsoho da ke murza keken da ba ya zuwa ko'ina, har wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Gado ɗaya ne a ciki, da labule, da kujera biyu, da wani ƙashin ƙugu na roba a kan tebur. Mai gashin gajeriya ce mai tabarau, da kaɗan za ta girmi Auta. Abin da ta fara yi shi ne nuna mata wata ƙofa.

"Banɗaki ke nan, Mama. Duk sa'ad da kika so ki tashi, ba sai kin tambaye ni ba."

Wannan ya ɗan kwance wa Ƙusa ɗamarar faɗan da ta shigo da ita. Suka yi rabin awa ana tambaya tana amsawa, ta tashi sau ɗaya ta dawo. Sannan mai gashin ta ɗauko ƙashin robar ta juya shi, ta nuna mata wata jar shimfiɗa a ƙasansa.

"Tsoka ce a nan, kamar raga. Mafitsara da mahaifa da hanji duk a kanta suke zaune. In kin yarda, ina so in taɓa taki in ji. Da yatsa ɗaya, da safar hannu, a hankali. In kika ce in tsaya, zan tsaya."

Ƙusa ta haifi uku, amma sai da ta ji kunya ta kama ta. Ta tuna muryar Auta, ta ja labule ta kwanta. Mai gashin ta fara daga waje, cinyoyi da mara, tana dannawa tana tambaya. Da ta kai ciki, ta danna wani wuri a gefen hagu, sai Ƙusa ta zabura har gadon ya yi ƙara.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Ciwon ke nan!"

"Ban taɓa mafitsararki ba, Mama. Tsoka ce, ta ƙulle kamar ƙullin igiya. To, matse mini."

Ƙusa ta matse da duk ƙarfinta. A nan dai ta san ba mai ƙure ta.

"Yawwa. Saki."

"Na saki."

"Ba ki saki ba."

"'Yar nan, jikina ne ko naki? Na ce miki na saki."

"Yadda na same shi kafin ki matse, haka yake yanzu. Tun shigowarki a matse kike."

Da ta sa kaya suka koma kujera, mai gashin ta ce ta dunƙule hannunta na dama da ƙarfi, kada ta buɗe, su ci gaba da hira. Ta tambaye ta irin aikinta, ta ce ta nuna mata yadda take zama a kan keke. Ƙusa ta gyara zama, ta taka ƙasa da ƙafar dama, ta ba ta labarin kwala ɗari huɗu da matsi ɗari huɗu, tana jiran a yaba mata. Sai ta ga mai gashin ta ajiye biro ta cire tabarau.

"Shekara nawa kina haka?"

"Ashirin da uku. Ban taɓa fashi ba, sai ranar hutu, shi ma ina yi a gida."

"Yaya hannun naki?"

Hannun ya fara rawa, zafi ya hau har gwiwar hannu. Da ta zo buɗewa, yatsun suka ƙi miƙewa lokaci ɗaya.

"Minti huɗu ke nan," in ji mai gashin. "Waccan tsokar shekara ashirin da uku. Ga riƙon fitsari daga safe zuwa ƙarfe ɗaya. Ba rauni ne da ita ba, Mama, gajiya ce, ta manta yadda ake hutawa. Ita ke damun mafitsarar, mafitsarar ta yi ƙara, ke kuma ki ƙara matsewa. Ba zan ce ita kaɗai ce ciwonki ba, amma ita ce abin da na taɓa da hannuna. Daga yau ki daina matsi gaba ɗaya."

Ƙusa ta fito daga ɗakin nan ranta a dagule. Da a ce mata aka yi ta yi sakaci, da ta ɗauka, ta gyara. Amma a ce ƙoƙarinta ne ya kai ta ga teburin yanke zare, wannan ya tsaya mata a wuya. Ga kuma aikin da aka ba ta, abin dariya: ta kwanta a ƙasa, ta ɗora ƙafafu a kan kujera, ta sa kwalbar ruwan ɗumi a mara, ta ja numfashi har cikinta ya taso, ta bar ƙasan jikinta ya sauka. Minti goma, sau biyu a rana. Ta sha ruwa kaɗan-kaɗan duk wuni. Ta dawo kowace Talata a sassauta ƙullin da hannu.

Minti goman nan su suka zame mata dutse. Mijin ya hauro da wani agogon tebur mai ƙararrawa daga shago, ya saita, ya zauna yana tsaronta. Tana kwanciya idonta zai faɗa kan yanar gizo a kusurwar rufi. Ta tuna ba ta kashe fanka a ɗaki ba. Ta ji kamar famfo na ɗiga.

"Baban yara, agogon nan naka ya tsaya."

"Yana tafiya."

"To baya yake ja. Ai mun fi minti goma."

"Biyu da rabi."

"Kai dai ba ka taɓa gyara agogo ya yi daidai ba."

"Shekara talatin da biyar ba a dawo mini da ko ɗaya ba. Ja numfashinki."

Ran nan Yaya ta zo ta tarar da ita a haka, ƙafafu a sama. Yaya ta yi ritaya, amma har gobe a unguwarsu ba a haihuwa ba a kira ta ba, kuma ba ta son a ja da ita a kan jikin mace. Da aka yi mata bayani, sai ta ɗaure fuska ta jawo jakarta kusa.

"Wato ni na sa miki ciwo ke nan. Yarinyar da aka haifa jiya ta ce ni na nakasa ƙanwata."

"Ba haka ta ce ba, Yaya. Ta ce maganarki daidai ce a lokacinta."

"Mata nawa na koya wa? Wa ta dawo tana kuka?"

"Sau nawa kika ce in riƙa yi?"

"Goma da safe, goma da yamma. Wata uku."

"Ban ji wata ukun ba."

"To ke nawa kike yi?"

Ƙusa ta faɗa mata. Yaya ta saki baki tana kallonta, can sai ta tuntsire da dariya har da buga cinya, dariyar kuma ta juye ta zama hawaye. "Ke tun kina yarinya haka kike. A aike ki ɗebo ruwa kofi ɗaya, ki cika gida. Ni ma da laifina, na san halinki, ban bi sawu ba." Ta karɓi agogon daga hannun mijin ta ce ya koma shagonsa, ita za ta yi tsaron yau.

Talata bayan Talata, mai gashin na danna ƙullin a hankali, tana jira, tana cewa a ja numfashi. Wani lokacin Ƙusa ta fito da sauƙi, wani lokacin ta wuni tana ɗingishi. A mako na uku ne, tana kwance a falo tana harara takardar yabonta, ta ji wani abu ya sauka a can ƙasa, kamar an ajiye kayan da aka daɗe da ɗauka. Bai fi ƙiftawar ido ba ya koma. Amma ta ji shi, kuma sai a lokacin ta yarda cewa da gaske ba ta taɓa saki ba.

Saura ƙafa. Mai gashin ta ce inda aka koyi abu, can ake mantar da shi. Don haka Ƙusa ta yaye zanen da ke kan tsohon kekenta na gida, tana zama ba zare ba yadi, ta taka, ta fitar da numfashi, ta saki. Ƙafa ta taka, jiki ya matse da kansa, ta yi tsaki ta sake. In fitsari ya matsa mata kuma, an ce kada ta ruga, ta tsaya ta yi numfashi biyar, ta ƙara minti biyar a kan na jiya. Minti ashirin suka zama talatin da biyar, suka zama hamsin.

A mako na bakwai komai ya rushe. An kawo aikin gaggawa a masana'anta, aka yi kwana uku ana tsaye a kansu, ciwon ya dawo sabo fil, har ya fi na da. Ta ɗauki waya ta nemo lambar Auta, ta shirya abin da za ta ce: Yaya za ta zo a madadinta, ai ita ce ma ungozoma. Ta yi ta zagaya falo da wayar a hannu, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Ba ta buga ba. Ta jefa wayar a kan kujera, ta kwanta a ƙasa ta ɗora ƙafafunta kusa da ita, tana numfashi tana zagin kwala da wanda ya ƙirƙiro ta.

Da lokaci ya matso, takan kai awa ɗaya da kwata a rana mai kyau. Ta gaya wa mai gashin da alfahari, sannan ta yi lissafin da ke hana ta sukuni: motar ba ta tsayawa sai bayan awa biyu da rabi.

"Ba za ki kai ba, Mama," in ji mai gashin, ba ta ɓoye mata ba. "Kada ma ki gwada. In kika riƙe da ƙarfi, za ki isa can a kwance, ba ki amfani kowa ba. In fitsarin ya zo, ki ce wa direba ya tsaya."

"In tsayar da mota guda? Mutum hamsin su zauna jirana?"

"Minti biyar ne."

"'Yar nan, ni tunda nake ba a taɓa jirana ba."

"Na sani. Shi ya kawo ki wurina."

Kiran ya zo da saura mako biyu a lissafi, da safe, tana ɗaura ɗankwali za ta fita aiki. Surukinta ne, wai an wuce da Auta ɗakin haihuwa. Jakarta ta yi wata guda a shirye a bayan ƙofa. Mijin ya rufe shago ya raka ta tasha, ya sa mata kwalbar ruwa a hannu, ya ce ta sha, ba ado ba ce.

Ta samu kujera a tsakiyar mota, gefen hanya. Awa ta farko ta wuce da addu'a da duban waya. Da suka bar gari, gidaje suka ƙare, sai nauyin nan ya fara taruwa. Ta duba ƙasa ta ga ƙafarta ta dama tana taka ƙarfen kujerar gaba, taka, saki, taka, saki, kamar tana kan layi. Ta janye ƙafar ta ajiye ta a shimfiɗe. Ta ja numfashi har ciki. Ya ɗan lafa, ta samu minti ashirin. Ya dawo, ta sake, ta samu goma. Daga nan ta san an zo wurin. Zuciyarta na bugawa kamar za ta yi sata. Ta dubi ƙeyar direba, ta dubi mutanen da ke barci, ta ce a ranta bari ta ƙara ko rabin awa ne, ai ta saba. Sai wayarta ta yi ƙara, saƙo daga surukin: har yanzu dai, a ci gaba da addu'a.

Ta miƙe tsaye.

"Direba, don Allah ka tsaya mini a gidan mai na gaba."

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗaga murya, irin wadda take yi a cikin ƙarar kekuna sittin. Motar ta yi tsit. Wani mai jarida a hannu ya yi tsaki. Direba ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, a fili, yadda kowa zai gani, kuma duniya ba ta tashi ba. Bayan minti biyar ya saki hanya ya tsaya.

Ta sauka kanta a sunkuye. Sai ta ji takun mutane a bayanta. Mata uku ne suka biyo ta, da mai jaridar nan shi ma, yana kallon gefe. Wata dattijuwa ta kama hannunta a bakin banɗaki.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Tun daga tasha nake riƙe, na rasa bakin magana."

Sau biyu ta tsayar da motar kafin su isa, ban da tsayawar tsakiya. A na biyun direba bai ko dubi agogo ba.

Ta isa asibitin da la'asar, an riga an haihu da awa guda. Mace ce. Auta na kwance a galabaice, da ta ga uwarta a bakin ƙofa sai ta fashe da kuka, ta ce, "Mama, kin zo." Ƙusa ta yi ta shafa mata goshi. Jaririyar kuwa sai tsala ihu take yi, ta ƙi hannun nas, ta ƙi na ubanta. Aka miƙa wa kakar. Ta zauna a kujerar roba da ke gefen gado, ta kwantar da ita a ƙirji, 'yar ta yi ajiyar zuciya sau biyu ta yi shiru. Ba a jima ba Auta ma barci ya ɗauke ta.

Ciwon na nan, bai tafi ko'ina ba, yana zaune a ƙasan mara kamar baƙon da ya san gida. Ƙusa ta ji shi, ta ja numfashi a hankali don kada ta tashi yarinyar, cikinta ya taso ya ɗaga ɗan jikin, ya sauka da shi. Ta duba kunnen, irin na Auta ne sak. Ta ƙirga yatsun hannu. Hasken taga ya tashi daga kan gado ya koma bango.

Surukin ya dawo daga sayen magani, ya tsaya a kanta yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, kawo ta ki ɗan miƙe ƙafa. Kin fi awa ɗaya a zaune, ga gajiyar hanya. Banɗaki na nan ƙarshen baranda, in kina so in nuna miki."

Ba ta ma tambayi inda yake ba da ta shigo. Ta gyara wa jaririyar zani a wuya.

"Bar ta," ta ce. "Ba inda za ni."